Yadda Muka Je Karɓo Hular Kawu Ilu

Tun da muka dawo daga ƙasar Mangawa ban samu sukuni ba. Duk wanda ya tare ni, a ƙofar masallaci ko a bakin kasuwa, tambayarsa ɗaya: yaya aka yi? Na maimaita labarin har na ji ya fara sauya kama a bakina, shi ya sa na ga gara in rubuta shi kafin ya ƙara lalacewa. Ina neman afuwa tun yanzu. Wata biyar ke nan da tafiyar, takardun da na yi niyyar rubutu a ciki kuma ruwa ya cinye su tun a rana ta biyu. Abin da na tabbatar zan ce na tabbatar, inda nake shakka zan faɗa.

Ga wanda ba ɗan unguwarmu ba, Kawu Ilu yayan mahaifiyata ne, kuma a zamaninsa babu mai zama gabansa a dara a duk Haɗejiya ya tashi da dariya. Shekara goma sha ɗaya da suka wuce ya bi fataken kanwa zuwa wani garin Mangawa, 'yan'uwan Barebari, a bayan Birniwa. Ba zan ambaci sunan garin ba, don kada a ce na tona asirin mutane. A can ya zauna da wani mutum, Aba Modu, aka cinye shi bai ɗauki ɗa ko ɗaya ba. Mu nan sai mu ce an lallasa shi, a yi dariya a watse. Su kuwa suna da wata kalma da aka fassara mini da aski, kuma wanda aka yi wa aski yakan cire hularsa ya rataye a tsamiyar da ake dara a ƙarƙashinta. Ba zai sake sa wata ba sai ya dawo ya ci wanda ya ci shi. Komawar kuma sau ɗaya ce. In ya sake faɗuwa, a gabansa za a jefa hular a wuta.

Haka Kawu ya dawo gida kai a buɗe, haka kuma ya zauna. Kun san abin da wannan yake nufi ga dattijo. Aka daina tura shi neman aure, aka daina ba shi wuri a gaba ranar suna, sunansa ya koma Ilu Ba-hula har a bakin jikokinsa. Ni da na gama karatun littattafai a wurin malamina bara, abu na farko da na yi shi ne na bincika masa hukunci. Na je da murnata na ce masa in rantsuwa ce akwai kaffara.

Ya ce, "Habu, ba rantsuwa na yi ba. Magana na ba mutum."

Abin da ya hana shi komawa tun da wuri, ni dai a ganina, tsoro ne, ko da yake bai taɓa faɗa ba. Abin da ya tashe shi kuwa ido ne. Yanar ido ta fara rufe masa gani, har ya kai sai ka yi magana yake gane ka. Da kaka ta yi ya ce bana ko babu. Inna ta ce ba za a kai mata ɗan'uwa a ƙona masa hula a gaban Barebari ba. Ni ne na shawo kanta. Na ce zan zauna a gefensa in zama idonsa: gurabun dara talatin ne, zan sa wa kowane harafi, in riƙa faɗa masa inda abokin karawa ya ajiye. Na zana komai a takarda. Kawu ya saurare ni har ƙarshe, ya ce, "Madalla da karatu." Ban ji komai a muryarsa ba a lokacin.

Muka fita da jaki ɗaya bayan asuba, muka bi ta gabas, don Kawu yana so ya sayi busasshen kifi a Baturiya ya kai wa Aba Modu tsaraba. Na ce mutumin da ya kunyata ka? Ya ce ba a shiga gidan babba hannu sake. Ruwa ya fara janyewa daga fadama, amma hanya duk taɓo ce, masu shinkafa suna ta yanka. Tun daga ƙofar gari nake yi masa bitar haruffa, alif a kusurwar dama, harafin ba a gefenta, yana kan jaki yana cewa to, to. Yanzu da na duba, ina zaton gyangyaɗi yake yi.

A Baturiya wani masunci mai suna Ɗanjuma ya sauke mu. Matarsa ta yi mana tuwon shinkafa da miyar tarwaɗa, irin wadda man kifin yake tasowa sama, na ci har na ji kunya. Sauron garin kuwa, in na kwatanta shi za a ce na yi ƙari, don haka na bar shi.

Da hantsi Ɗanjuma ya ɗauke mu a kwalekwale, jaki yana iyo a gefe an riƙe masa kai. Ban taɓa shiga kwalekwale ba sai ran nan. Muna tsakiya wasu dinyoyi suka tashi daga ciyawa gaba ɗaya, na zabura na miƙe tsaye, abin da aka gargaɗe ni sau uku kada in yi. Ba mu kife ba, alhamdu lillahi, amma gafakata ta tafi. Da Ɗanjuma ya tsamo ta da sandar tuƙi, tawadar ta bi ruwa, haruffana talatin sun zama baƙin tabo ɗaya.

"Malam," in ji Ɗanjuma, "yau kifin nan ya sha rubutu, sai ya fi ƙarfin komata."

Akwai abu ɗaya da ya faru a ƙetaren da ban ba shi muhimmanci ba. Muna shanya kaya a kan yashi, Kawu ya nuna wasu sanduna da masunta suka kafa don shanya koma, ya ce tara ne. Na ƙirga, tara ne. Na ce ashe idon da sauƙi. Ya ce, "Sandunan ban gan su ba. Inuwarsu ce ke kwance a farin yashi." Na ce Allah ya ƙara sauƙi, na koma kan takarduna.

Kwana na uku muka isa Birniwa, muka sauka a gidan wani fatoma. Masaukin cike yake da fataken kanwa da gishiri, ga raƙuma a bayan danga. A nan na fara cin burabusko irin nasu, wanda suke zuba wa man shanu har ya yi ƙyalli. Ya fi namu laushi, wannan ba zan musa ba, amma miyarsu ba ta kai tamu yaji ba. A nan kuma muka haɗu da Tanko, wani falken goro Bakano da ya ce ya taɓa kaiwa har Ikko, bakin teku. Da ya ji abin da ya fito da mu ya ajiye ludayinsa.

"Ni na ga masu wasa iri-iri," in ji shi. "Nasaran da ke Ikko ma suna da nasu a kan allo. Kuma kun san abin mamaki? Wani tafinta ya ce mini kalmar da suke faɗa in sun doki jaki, ita suke faɗa in sun cinye mutum a wasa, ita kuma suke faɗa in an kaɗa ganga."

Ya faɗi kalmar, gajera ce, na maimaita ta sau biyu amma ta ɓace mini. Ban kuma san ko tafintan gaskiya ya gaya masa ba.

Kawu ya ce, "To ba su san wasa ba. Jaki in ka doke shi gobe ya manta."

Wani Bamange da ke gefe ya ce a wurinsu kaye uku ne: wanda za ka tashi ka karkaɗe riga, da wanda za ka kwana kana juyi, da wanda za ka bar hula. Aka yi ta gardama har la'asar, kowa yana kawo yadda ake faɗa a garinsu. Tanko ya ce tunda kasuwar Birniwa sai mako mai zuwa, zai bi mu ya ga ƙarshen abin.

Washegari muka kai iyaka. Ba wani abu ba ne, rumfa ce a gindin ƙirya da mutum huɗu, kowa da mashinsa. Suka kwance mana kaya, suka shinshina kifin, suka ɗauki biyu. Babbansu, wani mai tsagar Barebari, ya dubi kan Kawu ya daɗe, sannan ya fashe da dariya.

"Fulata," in ji shi, don haka suke kiran duk mai jinin Fulani, kuma kakanninmu makiyaya ne. "Kai ne mai jar hular nan da ke reshen gabas na tsamiya? Tun ina saurayi nake ganinta. Wannan dogon fa?"

Na yi masa bayani dalla-dalla, har da haruffan, don na sake rubuta su a bayan allo. Ya kira sauran ukun su zo su ji.

"Malam," ya ce, "a gindin tsamiyar nan masu wasa kaɗai ke magana. Ɗan kallo ya yi ko da gyaran murya, mutuminsa ya faɗi. Shi tsohon bai gaya maka ba?"

Muka wuce har muka yi nisa. Sannan na tsayar da jaki.

"Kawu, ka sani?"

"Na yi wasa a wurin, yaya ba zan sani ba?"

"Kwana huɗu ina karanta maka haruffa."

"Kuma ka iya karatu. Da na faɗa, uwarka za ta bar mu mu fito?"

Na roƙe shi mu juya. Na ce hula a kan bishiya ta fi hula a cikin wuta, aƙalla ana cewa wata rana zai koma. Ya ce shekara goma sha ɗaya yana cin wannan wata ranar, ta ishe shi. Ya buga wa jaki dunduniya, na bi shi a baya.

Washegari muka isa garin. Ƙarami ne, a kan tudun farin yashi. Tsamiyar tana tsakiyarsa, kuma na ƙirga huluna bakwai a rassanta, Tanko ya ce takwas. Aba Modu ya fito da kansa, gajeren tsoho mai faɗin ƙirji, yana jin Hausa sarai. Ya riƙe hannun Kawu da hannu biyu, suka yi ta gaisuwa irin tasu mai tsawo.

"Fulata, na zaci ka mutu."

"Na so, sai na tuna ban yi maka aski ba."

"Da wane ido? Ga ni nan, kana gaishe da turmi."

"Turmin ya fi ka tsawo, shi ya sa."

Ya karɓi kifin, ya sauke mu a gidansa, aka yanka mana kaza. Wannan ma ya bambanta da namu: mai masauki ne zai ciyar da wanda ya zo kayar da shi. A al'adarsu kuma mai dawowa shi ke zaɓar lokaci da irin 'ya'yan da kowa zai riƙe. Bulama, wato mai garin, ya zo ya tambaya a gaban shaidu. Kawu ya ce gobe bayan la'asar sakaliya. Shi zai riƙe ƙwallayen aduwa da ya zo da su a aljihu, Aba Modu ya riƙe kara, kuma a yanka karan da tsawo, kamar taƙi guda. Mutane suka yi ta mamaki, don gwanaye da safe suke zaɓa, kafin zafi ya gajiyar da kai. Ni ma na ɗauka ruɗewa ce.

Da lokaci ya yi aka share yashi aka haƙa gurabu. A gefe aka hura wuta, kowa ya san ta mece ce. Kawu ya zagaya ya zauna yadda rana za ta zo masa ta hagu. Matar Aba Modu ta aiko mini da goruba, aka ce haka suke yi wa baƙon da ba su yarda da bakinsa ba: ya sa a baki, kada ya cire sai an tashi. Na so in ji haushi, amma gaskiyarsu ce.

Aba Modu ya kafa karansa na farko. Sai na ga inuwarsa ta miƙe baƙa ƙirin a kan farin yashi, ta fi karan tsawo sau biyu. Sandunan Baturiya suka faɗo mini a rai. Kawu ya sunkuya kaɗan, ya bi inuwar da ido har gindinta, ya ajiye ƙwallonsa a gurbin da ke kusa ba tare da lalube ba. Nasa 'ya'yan bai buƙaci ganinsu ba, a ka yake riƙe da su.

Ba zan iya kawo muku wasan ɗaki-ɗaki ba, don rabinsa idona a rufe yake. Na dai san an gama ajiye goma sha biyu-biyu, aka fara turawa, aka daɗe ba wanda ya jera uku. Aba Modu yana ta tsokana, yana cewa Fulata ya koma kiwo, dara ba ta masu sanda ba ce. Can sai tsokanar ta ragu. Kawu ya jera uku ya cire kara ɗaya. Ya sake turawa, sai na ji numfashin mutane ya canja: ya kafa doki, wato ƙwallo ɗaya da in ya tura shi gaba ya cika layi, in ya dawo da shi ya cika wani. Kowace turawa ci ne.

"Aba Modu, karanka nawa yanzu? Ka san ba na gani."

"Yi wasanka."

"A'a, taimaki makaho mana."

Ya ci biyar a jere, ko shida. Aba Modu bai ɗauki ko ɗaya ba. Na ga ya kai hannu ya taɓa hularsa, farar hula mai aiki, ya sauke hannun. 'Ya'yansa maza suna tsaye a bayansa, babban har da furfura. Saura kaɗan a yi masa aski a garinsa, a gaban jikokinsa.

Sai Kawu ya kai hannu, ya wuce dokin, ya ɗauki wani ƙwallo can gefe wanda shi ne ya tare wa Aba Modu hanya. Na gani sarai. Maganar ta taso mini har maƙogwaro, na danna haƙora a gorubar nan har na ji ƙwallon ciki. Haƙorin yana yi mini ciwo har yau in na sha ruwan sanyi. Kawu ya matsar da ƙwallon. Aba Modu ya dubi yashi, ya dubi Kawu. Sannan ya jera ukunsa ya ɗauke ƙwallo ɗaya.

"Af," in ji Kawu. "Ashe nan na taɓa."

Ya koma kan dokinsa, bai sake kuskure ba har karan suka kasa jera uku. Bulama ya ɗaga hannu ya faɗi kalma ɗaya da harshensu, wurin ya ɓarke. Tanko ya ɗaga ni sama da ni da gorubata. Matan garin suka yi guɗa, abin da ban zata ba, tunda nasu aka ci. Wani ya kwashe yashi ya kashe wutar.

Aba Modu bai bar kowa ya hau tsamiyar ba, da kansa ya sa doguwar gora ya sauko da hular. Ba ja ba ce kuma. Rana da damina goma sha ɗaya sun mai da ita kalar toka, saman ya huje, zanzaro ya yi gini a ciki. Na ce a bari in karkaɗe, a wanke, ko a ajiye ta a saya masa sabuwa a Birniwa. Kawu ya fasa ginin da babban yatsa, ya busa, ya kifa ta a kansa.

"Ta yi mini?"

"Ta fi kan kyau," in ji Aba Modu.

Da ita ya dawo. Masu tsaron iyaka suka miƙe tsaye da muka zo wucewa, babbansu ya mayar mana da kifi ɗaya. Ɗanjuma ya ƙi karɓar komai na fito, ya dai sa ni na zauna a tsakiya ya ce in riƙe gwiwoyina. Labari ya riga mu isa Haɗejiya ta bakin fatake, tun daga bakin kogi mutane suke bin jakin. Inna ta tsaya a ƙofar gida ta dubi hular, ta ce ko kaza ba za ta yi ƙwai a ciki ba, sannan ta juya ciki tana share ido. Ranar Juma'ar nan a sahun farko ya yi salla, kuma sati biyu bayan haka aka zo aka roƙe shi ya jagoranci neman auren ɗan maƙwabcinmu. Da wannan hular ya je.

Saura abu ɗaya, kuma shi ne ainihin dalilin wannan rubutu. A hanya na tambaye shi ƙwallon nan da ya matsar. Ya ce rana ce ta faɗi, inuwa ta ɓace masa. To ni a tunanina rana tana nan da sauranta, kamar tsawon mashi a kan dangar gari, kuma bayan kuskuren ya ci kara huɗu bai lalube ba. Amma na riga na faɗa muku hankalina ba a kwance yake ba, bai kamata a dogara da ni kaɗai ba. Don haka ina roƙon duk wanda ya tsaya a gindin tsamiyar ran nan, Tanko in takardar nan ta riske shi a Kano, da fataken kanwa biyu 'yan Kaugama da na gani a wurin, su aiko mini da abin da suka gani, da duk inda na yi kuskure a lissafin huluna ko na kwanaki, zan gyara. Shi Kawu na daina tambayarsa. Idon ya rufe gaba ɗaya tun watan jiya, kuma da na sake ɗauko maganar sai ya gyara zaman hularsa ya ce, "Habu, tafiyar kwana biyar ce daga garinsu zuwa nan, kuma mutumin ya girme ni. Wa zai kawo shi ya fanshi hularsa?"